Ranar da Kawu Ya Ƙi Mutuwa a Maraɗi

Tun da muka dawo daga Maraɗi bakina bai huta ba. In na tsaya wajen mai shayi a bakin tasha, sai an tambaye ni. In na ɗauki fasinja, kafin mu yi nisa ya leƙo ya ce ba ni ne na je Nijar na zama buta ba? Har matata, wadda ta riga kowa jin labarin, in ta yi baƙi sai ta sa in sake. To, ga shi zan zayyana shi gaba ɗaya, daga fita har dawowa, in ya so a bar ni in nemi abincina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Mamuda, mutumin Tsiga. Da damina ina noman masara da waken suya, da rani in shigo Funtua in ja keke mai ƙafa uku. Abu ɗaya Allah ya ba ni wanda bai ba sauran 'yan gidanmu ba: muryar da duk na saurara da kyau, sai in maimaita ta. Akuya, jariri, dillalin hatsi yana rantsuwa, injin markaɗe da mai ya kusa ƙare masa, duk ina yi. Wata rana a majalisa na kwaikwayi wata tsohuwa tana ciniki da mai kifi, wani ya ɗauka a waya ya tura, abin ya yi ta yawo har ya tsallaka iyaka. Ana nan sai ga kira daga wani mutum a Maraɗi. Ya ce yana mayar da fina-finan katun zuwa Hausa don wani gidan talabijin, kuma akwai wani fim da yake neman masa mutum ɗaya mai baki da yawa. Na ce ina zuwa, tun kafin in tambayi wane irin fim ne.

Rigimar ta fara ne da na je yi wa Kawu Ɗanladi sallama. Ƙanen mahaifiyata ne, shi ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifina ina ɗan ƙarami, a gonarsa na koyi riƙe fartanya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya shiga ɗaki ya fito da jakarsa. Ya ce yaron da ya raina ba zai fita ƙasar waje shi kaɗai ba. Na tuna masa cewa babban ɗana har ya fi ni tsawo. Ya ce wannan matsalar ɗana ce, ba tasa ba.

Mun shiga mota a tashar Funtua da safe, lokacin bazara, ana zafin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Kawu ya taho da ƙullin kuka da daddawa, don wai ya ji an ce mutanen Nijar ba su san miya ba, da kuma jarkar ruwan rijiyarmu, don bai yarda da ruwan wata ƙasa ba. Jarkar ba ta kai Malumfashi ba, shi da kansa ya shanye. Kafin nan kuwa duk wanda ke cikin motar ya riga ya ji cewa gwamnatin Nijar ce ta aiko a kawo mata ɗansa. Na yi ƙoƙarin gyarawa, ya taka mini ƙafa. Da muka iso Gidan Mutum Ɗaya ya leƙa ta taga, ya ga 'yan talla da masu faci da direbobi sun cika bakin hanya, ya juyo ya ce wa direba duk wanda ya raɗa wa garin nan suna ya kamata a neme shi a yi masa tambayoyi.

A Katsina muka canja mota zuwa Jibiya, daga nan sai bakin iyaka. A ɓangarenmu muka nuna katin ɗan ƙasa muka wuce. A nasu ɓangaren wani dogon jami'i mai fara'a ya duba katunanmu ya ce, "Mi za ku tahi yi Maraɗi?" Kawu ya ce aikin gwamnati. Ni kuwa na ji tsoron ƙarya a gaban mai kaki, na faɗi gaskiya. Jami'in ya dube ni, ya dubi furfurar da ta fara fito mini, ya ce bai taɓa jin babban mutum ya ƙetare iyaka don ya yi muryar katun ba, in nuna masa.

Na rasa abin da zan yi, sai na saki kukan jariri. Wata mai fura da ke zaune a gindin bishiya ta yar da ludayi, ta ruga bayan rumfa tana salati, ta duba nan ta duba can, sai daga baya ta tuna ɗan nata yana goye a bayanta, yana barcinsa. Irin faɗan da ta yi mini, ko a Funtua ban taɓa shan kamarsa ba. Dole na sayi fura don ta huce. Shi kuwa jami'in ya riƙe ciki, ya kirawo abokan aikinsa, aka sa na yi rago, na yi babur mai ƙin tashi. Kawu yana gefe yana karɓar gaisuwa, yana cewa shi ya koya mini.

Mutumin da ya gayyace ni ya tarye mu a tashar Maraɗi, siriri, da tabarau, da 'yar jaka a hammata. Muna tafiya masu babur suna ɗaga masa hannu suna cewa, "Mushe Lawali, ina wuni." Shi kuma yana amsawa da murmushi. Kawu ya ja ni baya ya raɗa mini cewa mu koma gida. Mutumin da ake kiransa mushe a bainar jama'a yana amsawa, me ya rage masa? Sai da mai gidan ya yi bayani cewa kalmar daga Faransanci ta zo, haka suke girmama malamin makaranta, shi kuma ya daɗe yana koyarwa kafin ya shiga harkar fim. Kawu ya gyaɗa kai, amma har muka baro garin Malam Lawali yake ce masa. Da aka kawo mana nama a gidan kuma sai da ya tambaya a hankali ko an yanka.

An sauke mu a wani ɗaki a cikin gidansa, tsakar gidan duk yashi ne mai laushi, a nan kowa ke shimfiɗa saboda zafi. Maganar ba su san miya ba ƙarya ce, ƙullin Kawu ko kwance shi ba a yi ba. Abin da ya ba mu mamaki burodinsu ne, dogo kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri. Kawu ya ɗaga shi ya auna a hannu, ya ce wannan in an yi faɗa da shi sai an je gaban alƙali. Sai kuma shayi. Mu a gida in an ce shayi, kofi ne babba da madara har ya yi kauri. Su kuwa a wani ɗan kofin gilashi kamar murfin kwalba suke zubawa, baƙi ƙirin, rabinsa kumfa. Kawu ya ɗauka rowa ce, don haka ya yi ta miƙa kofi ana ƙara masa don ya kunyata su. Washegari da safe idonsa jawur, ya ce mini bai runtsa ba, ya tuna duk wanda ya taɓa ɓata masa rai tun yana saurayi.

Ɗakin aikin yana bayan gidan. An manna katifu da kwalayen ƙwai a bango don kada ƙarar waje ta shigo, ba taga sai wata 'yar ƙarama, ba a kunna fanka. Mai kula da na'ura ƙanwar Mushe Lawali ce, Madam Zali, mace marar yawan magana, wadda in ka yi kuskure ba ta cewa komai, sai dai ta ɗaga yatsa ɗaya ka sake. Aka zaunar da mu aka fara nuna mana fim ɗin tukuna.

Labarin wani saurayi ne da tsawa ta faɗa wa yana gyaran rufin gida, bai mutu ba, sai hannuwansa suka riƙa fitar da wuta. Mushe Lawali ya raɗa masa suna Tartsatsi. Yana cikin taimakon mutanen garinsu sai sama ta tsage, waɗansu Tartsatsin suka riƙa faɗowa daga waɗansu duniyoyi. Akwai budurwa, akwai tsohuwa a kan babur, akwai zakara, akwai kuma buta mai ido da ƙafafu. Duka mutum ɗaya ne, sai dai kowa da duniyarsa. Ni zan yi saurayin da zakaran da butar.

Kawu ya ce duniya ɗaya ma mutane sun kasa riƙe ta, ina amfanin ƙari? Mushe Lawali ya ce ai ƙirƙira ce, kamar tatsuniya, kuma ba abin mamaki ba ne: ga Katsinarku ga tamu ta Maraɗi, mutane iri ɗaya, suna iri ɗaya, amma ku ku ce lafiya mu mu ce lahiya. Kawu ya ce wannan ba wata duniya ba ce, rashin iya magana ne.

Daga nan Mushe ya shiga koya mana ƙa'idojin irin wannan fim, don wai sai ka san su za ka iya muryar. Kowane jarumi in ya faɗo dole ya tsaya ya ba da tarihinsa tun daga farko, ko da gini na ruftowa a kansa. Kawu ya ce wannan tarbiyya ce mai kyau, baƙo ya faɗi asalinsa. Mugu kuma in ya kama jarumi ba ya kashe shi nan take, sai ya tsaya ya bayyana masa duk shirinsa dalla-dalla, har a samu mai zuwa ceto. Kawu ya ce ya san dillalai masu irin wannan hali. Abin da ya ƙi shiga kansa shi ne ɗan ƙyallen da jarumin ke rufe ido da shi, wai don kada a gane shi. Ya ce a Tsiga ko buhu ka shiga, daga tafiyarka za a ce ɗan gidan wane ne, a kuma aika maka da saƙo wajen uwarka.

Aiki ya yi kyau da farko. Zakara bai ba ni wahala ba. Buta ce sai da na toshe hanci na riƙa magana ta cikin maƙogwaro, Madam Zali ta yi ta ɗaga yatsa har ranar da ta sauke shi ta yi dariya, na san na samu. Sai aka zo kan wani tsoho a cikin fim ɗin, wanda ya raini Tartsatsi. Na gwada, Mushe ya ce tsohona yana kama da zakara mai mura. Daidai lokacin Kawu yana bakin ƙofa yana mita a kan zafi. Mushe ya ɗaga kai ya saurari wannan murya mai kaushi, ya ce ga tsohon nan Allah ya kawo har gida.

Kawu bai yi gardama ba ko kaɗan. Aka maƙala masa abin ji a kunne a kan hularsa, don ya ƙi cire ta. Kuma ya iya. Faɗa ne da nasiha, abin da ya shekara yana yi kyauta. Ya ji daɗin aikin har ya fara ba Madam Zali shawara a kan na'urarta.

Ranar da aka zo wajen da mugu ya rushe gida a kan tsohon, sai Mushe Lawali ya faɗi babbar ƙa'idar da ya ɓoye. A kowace duniya, wanda ya raini jarumin dole ya mutu, a gabansa, a hannunsa. Budurwar ta rasa nata, zakaran ya rasa nasa, har butar an fasa tukunyar da ta raine ta. Sai da wannan baƙin ciki jarumi ke zama jarumi. Kawu ya tambaya ko ba a samu duniya ko ɗaya da aka kai tsohon asibiti ba. Aka ce babu.

Aka kunna hoton. Tsohon yana kwance, ana ruwan sama, bakinsa yana motsi a hankali. Madam Zali ta ba da alama. Kawu ya matso ya ce, "Ba komai, jiri ne. Kawo ruwa." Ta ɗaga yatsa. Aka sake. Ya ce a kira mai ɗori, ƙafar ce kawai. A na ukun ya cire abin kunnen ya ajiye a kan tebur.

Ya ce, "Malam Lawali, ni na raini yaron nan ya zama mutum, kuma ga ni a tsaye. Wane irin labari ne za a koya wa yara cewa sai kawunka ya mutu za ka yi hankali? In suka ji wannan a Tsiga, kallon me za su riƙa yi mana?"

Ya fita ya zauna a gindin dalbejiyar tsakar gida. Na bi shi na roƙa, Mushe ya roƙa, ya ce hoton ba ya canjuwa, ga jana'iza nan a gaba an riga an zana. Kawu ya ce to su binne wani. Ranar ba a yi aiki ba. Ni kuwa hankalina ya tashi, don gidan talabijin na jira, kuma an riga an ɗauki duk sauran maganganun tsohon da muryar Kawu. In abin ya lalace, da wace fuska zan shiga majalisar Funtua, bayan duk motar da muka hau an shaida mata gwamnati ce ta kira ni?

Washegari da hantsi Mushe ya ce ai mafita tana bakina. Tunda na tashi a gaban Kawu, in yi mutuwar da muryarsa. Gaskiya ne, babu muryar da na iya kamar tasa, tun ina yaro nake tsorata 'yan uwana da ita. Na tsaya a gaban makirfo na fara nishi irin nasa, ina jan numfashi, ina kiran yaro. Ban kai ƙarshe ba ƙofa ta buɗe. Ta 'yar tagar nan ya jiyo kansa yana mutuwa.

Ya dube ni ya ce, "Matsa. In dai mutuwa ce, ni zan yi abata da kaina. Kai ko nishin ba ka iya ba."

Sharaɗinsa ɗaya ne, ba zai faɗi abin da Mushe ya rubuta ba, don wai mai mutuwa ba ya tsayawa yana maganar taurari. Mushe ya yarda. Kawu ya sa aka shimfiɗa tabarma, ya kwanta, aka sauko masa da makirfo, ni kuma na durƙusa a gefensa don nawa shi ne in kira sunansa da ƙarfi in ya yi shiru. Aka kunna hoton. Ya rufe ido.

"Yaro, saurara. Kada ka sayar da masara da kaka, komai matsi. Gonar fadama ka bar wa Innarka ta ci har ƙarshen ranta. Ka rage gudun nan da kake yi a titi, kana da iyali."

Na ga Madam Zali ta rufe baki da gyale. Ni ma dariya nake dannewa. Sai muryarsa ta yi ƙasa.

"Ranar da na ɗauko ka daga gidan ubanka ba ka yi kuka ba. Sai da muka iso gida ka ga an baro 'yar akuyarka. Na koma da ƙafa na ɗauko ta, a kafaɗa. Ban taɓa gaya maka ba, amma ko rana ɗaya ban yi da-na-sanin ɗaukar ka ba. Kai ne ɗan da na fi kwanciyar hankali da shi." Ya kama hannuna. "Ka gaya wa Ilu na yafe masa maganar iyakar gona. Ɗorawar nan tasa ce. Na sani tun farko."

Ya saki numfashi, hannunsa ya zame daga nawa.

Nan ne zan yi ihu. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Duk muryoyin nan da nake taƙama da su babu wadda ta zo. Na manta da katifun bango, na manta da fim, abin da na gani kawai shi ne tsohon nan a kwance a kan tabarma, ƙafafunsa duk faso, hularsa ta karkace. Kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Madam Zali ba ta ɗaga yatsa ba. Mushe Lawali ya cire tabarau yana goge shi da bakin riga.

Can sai Kawu ya buɗe ido ɗaya ya tambaya ko ya gama mutuwar, don yunwa yake ji, a kawo masa sandar burodin nan.

Maganar tasa ta fi motsin bakin tsohon tsawo nesa ba kusa ba, amma Madam Zali ta ce ba za ta yanke ko kalma ɗaya ba. Ta riƙa maimaita hoton ruwan sama da fuskar jarumin har ta isa. A hanyar dawowa Kawu bai tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Sai dai a Katsina da na miƙa hannu zan ɗaukar masa jaka, ya bar ni na ɗauka, abin da bai taɓa yi ba.

Masara ta kai gwiwa lokacin da fim ɗin ya fito, ya kuma shigo wayoyin mutane. Yaran Tsiga suka haddace shi. Ba wanda ya damu da cewa jarumin da ke tashi sama a wani birni na ƙasar waje an hana shi sayar da masara da kaka. Amma manya sun gane muryar, sun kuma san wane ne Ilu. Maƙwabcin Kawu ne a gona, kuma tun ina saurayi ba sa ga maciji a kan wata bishiyar ɗorawa da ke kan iyaka. Ko a jana'iza suka haɗu, kowa da gefen da yake tsayawa.

Wata rana bayan la'asar ina ƙofar gidan Kawu sai ga Malam Ilu da sandarsa. Ya yi sallama ya tsaya. Ya ce jikansa ya nuna masa wani abu a waya, ya ji an ce Ɗanladi ya rasu, shi ne ya zo ya gani da idonsa.

Kawu ya ce, "Ga ni, ban rasu ba."

"Na ji kuma ka ce ɗorawa tawa ce."

"Wannan mamaci ne ya faɗa. Ka je ka tambaye shi."

Malam Ilu ya yi tsaye bai tafi ba. Kawu ya dubi ƙasa, ya dubi sama, sannan ya gyara zama ya matsa gefe guda a kan tabarmar, ya ce mini in shiga in ce wa Inna, matarsa, ta ƙaro kwano, kuma in daina tsayawa ina kallon manya.